Wai rukunin jini sukari ne? A ba ni shawara

Wata uwa daga Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan ina fama da ciwon suga, koko ma salam nake sha. Jiya ɗana da ke karatu a jami'ar KNUST a Kumasi ya duba katin asibitina, ya ce jinina B ne, wai B ɗin nan wani irin sukari ne a jikin jini. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Ashe jinin ne ya jawo min ciwon? Ga wani mai sassaƙe a kasuwa ya ce in na sha maganinsa wata 2 jinina zai wanke ya koma O, sidi 300. In saya?

Mai aikin gwajin jini:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba shi ko sisi. Ɗanki bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya faɗa miki. A bayan kowace jar ƙwayar jini akwai 'yan sarƙoƙin sukari maƙale da furotin da kitse, kamar carbi. Kusan kowa yana da carbin asali, ana ce masa H. Mai jinin O haka nasa ya tsaya. Mai B an ƙara masa ɗa guda a ƙarshe, sunansa galaktos. Mai A wani ɗan daban aka ƙara masa, mai AB kuma yana da duka biyun. Bambancin ke nan, amma jiki ba ya wasa da shi: a sa wa mai O jinin B, garkuwar jikinsa za ta ga baƙon ɗan carbi ta far masa. Abin da wani likita mai suna Karl Landsteiner ya gano ke nan a 1901, ko da yake sai daga baya aka gane sukari ne. Gado ne daga uwa da uba, ba daga kwanon abinci ba, sassaƙe kuwa ba ya tsinke shi.

Nas daga Asawase:
Mama, sukarin da ya shafe ki daban ne. Gulukos ne da ke yawo a jini, in ya yi yawa sai ya riƙa mannewa da himogulobin, furotin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwayar jini. Ƙwayar jini takan yi kwana kusan 120, shi ya sa gwajin HbA1c, mai auna sukarin da ya manne, ke tona asirin wata 2 zuwa 3, ba na safiyar ranar kawai ba. Daga 6.5 cikin ɗari ake cewa ciwon suga ne. Sidi 300 ɗin nan ki kai su wurin wannan gwajin. Ki kuma faɗa wa likita in genotype ɗinki (nau'in himogulobin, ba rukunin jini ba) AS ne ko AC, don yakan rikita sakamakon a wasu na'urori, kuma AC ba baƙo ba ne a Gana.

Wani ɗalibi:
Wa ma ya ce O ne jini mai tsabta? An dai lura zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kama masu O kamar masu A ba. Amma sarƙoƙin nan suna jikin wani furotin mai taimaka wa jini daskarewa, von Willebrand, kuma yawan furotin ɗin a jinin masu O ya gaza na sauran da kusan kashi 1 cikin 4. Kowane da nasa.

Wani dattijo daga Sabon Zango:
Ni O ne, Hajiya, shekara 11 ina haɗiyar ƙwayar suga. Da wankin jini zuwa O yana maganin suga, ai da ni za a fara tambaya.

Uwa daga Aboabo:
Baba, ka sa ni dariya. Na gode muku, Allah ya bar zumunci. 'Yata nas, gwajin nan da azumi ake zuwa ko in karya?

Nas daga Asawase:
Ki karya abinki, Mama, HbA1c ba ya buƙatar azumi. Ki tafi da katinki da kwalayen magungunan da kike sha.