Shin da gaske an taka duniyar wata a 1969?

Auta: Salamu alaikum mutanen gida. Wani bidiyo ne yake yawo a TikTok, mai maganar ya rantse cewa Amurka ba ta taɓa sauke mutum a duniyar wata ba, wai a ɗakin ɗaukar fim aka shirya komai. Hujjojinsa uku: tuta tana kaɗawa alhali an ce babu iska a can, babu tauraro ko ɗaya a hotunan, kuma tun 1972 ba wanda ya sake komawa. Ya ce wannan kaɗan ne daga cikin tarihin da aka ɓoye mana. Wallahi jikina ya yi sanyi. Yaya Injiniya, kana kusa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Kai Auta sai yau ka waye? Mu tun tuni muka san zancen ƙanzon kurege ne. Mutanen da a lokacin ko wayar hannu ba su da ita, su ne za su je wata su dawo lafiya? Yau da ake da komai kuma an kasa. Biri ya yi kama da mutum.

Injiniya: Ina nan. Bari in fara da masu sauƙin. Tutar akwai sandar ƙarfe a samanta da ke riƙe ta a miƙe, don sun san babu iskar da za ta ɗaga ta. Tattarar da kake gani kuma ta naɗi ce, a naɗe aka kai ta. Ka sake kallon bidiyon, tana motsi ne lokacin da suke murza sandar cikin ƙasa, da suka saki ta lafa, shi ke nan. Taurari kuwa, da rana suka sauka, ƙasar tana ƙyalli, kayan jikinsu farare. Ka ɗauki hoton ango da dare a ƙarƙashin fitilar taron biki, ka duba ko za ka ga tauraro a bayansa. Kyamarar da aka saita wa haske mai ƙarfi ba ta kama mai rauni.

Yaya Babba: To na ukun fa? Ai nan gizo ke saƙar.

Injiniya: Kuɗi ne Yaya. A tsakiyar shekarun 1960 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana cin fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka, yanzu ko rabin kashi 1 ba ta kai ba. Tsere suke da Tarayyar Sobiyet, wadda ta riga su harba tauraron ɗan'adam a 1957, ta kuma riga su tura mutum, Yuri Gagarin, a 1961. Da suka ci tseren sai 'yan majalisa suka ɗaure bakin jaka. Kuma ba sau ɗaya aka je ba. Sau shida aka sauka, daga Yulin 1969 zuwa Disambar 1972, mutum goma sha biyu suka taka. Wanda ya yi ƙarya ya sha, me zai kai shi maimaita ta har sau biyar? Sannan ya haɗa da kumbon Apollo 13 (Apollo shi ne sunan shirin zuwa watan), wanda tankin iskarsa ya fashe a hanya a 1970 aka dawo da ƙyar ba a sauka ba?

Kawu: Yaran nan kuna ba ni dariya. Wannan harka ai har Kano ta shigo. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta jera a faɗin duniya, kuma ta yi aiki lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962. A Agustan 1963 kuma Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta waya ta hanyar tauraron ɗan'adam. Mu a rediyo muka ji saukar wata, kuma ko a lokacin akwai dattawan da suka ce ƙarya ne. Musun ba sabo ba ne, wayar ce sabuwa.

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma Kawu, ban musa maka ba. Amma zagaya duniya daban, sauka a wata daban. Tsakaninmu da wata kusan kilomita 384,000 ne. Kuma Injiniya bai faɗa muku cewa NASA da bakinta a 2009 ta amsa cewa ainihin kaset ɗin saukar farko an goge shi an ɗora wani abu a kai ba. Abu mafi girma a tarihinku, ku ce kun goge? A shekarar dai aka gano cewa dutsen wata da ke ajiye a babban gidan tarihi na Amsterdam busasshen icce ne da ya zama dutse. Ku ce min wannan ma sharri ne.

Injiniya: Duka biyun sun faru, ba zan kare sakaci ba. Kaset ɗin da aka goge shi ne na ainihin saƙon da ya sauko, amma kwafen da gidajen talabijin suka watsa suna nan, haka finafinai da dubban hotunan da 'yan sama jannatin suka ɗauko da hannunsu. Maganar Amsterdam kuwa, ni take taimaka wa. Wa ya gano icce ne? Masana duwatsu na jami'a. Ke nan ana iya bambance dutsen wata da na duniya. Apollo ta kawo kilo 382, an rarraba wa masu bincike a ƙasashe da yawa shekara da shekaru. Kusan babu ruwa a jikinsu, kuma cike suke da ƙananan ramukan da tsakuwoyin sararin sama suka huda, abin da ba ya faruwa a nan saboda iskarmu tana ƙone su tun a sama. Sobiyet ma ta kwaso tata ƙasar watan da na'ura, kimanin giram 300 a tafiya uku, aka gwada da na Amurka suka dace.

Ga kuma abin da ni ya fi gamsar da ni. Ranar da Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka watan, ya sauka, kumbon Sobiyet marar mutum, Luna 15, yana zagaya watan, washegari ya faɗi ya tarwatse. Masu na'urar sauraron sama ta Jodrell Bank a Ingila suna bin su duka biyun. Da akwai wata ƙura, Mosko ce za ta fara tayar da ita, don babu abin da take so a duniya kamar ta kunyata Amurka. Ba ta ce uffan ba har ta rushe a 1991.

Yaya Babba: Wataƙila an toshe musu baki.

Anti Malama: Haba Yaya, ka ga inda matsalar take. Duk shaidar da aka kawo sai ka ce shi ma an saye shi. A haka babu ranar da za a iya gamsar da kai, ko da kai aka ɗauka aka kai.

Baffa Malam: Ni abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu, mutum ɗaya zai turo maka yau cewa ba a je wata ba, gobe ya turo maka cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a can ya musulunta. To wanne za mu ɗauka? Labarin kiran sallar nan ya yi yawo tun shekarun 1980, mutumin ya ƙaryata shi, kuma har ya mutu a 2012 bai ce ya musulunta ba. Addini ba ya buƙatar a yi masa ado da ƙarya. An umarce mu idan labari ya zo mu bincika, ba a ce sai wanda ba ya mana daɗi ba.

Yaya Babba: Baffa na ji, na kuma karɓa. Amma ku daina yi min kallon wanda bai san abin da yake yi ba. A Kanon nan, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, aka ba kusan rabinsu shi, sauran kuma wani maganin, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Su ma masu fararen riguna ne, su ma kimiyya suka ce. A Amurkan kanta, a Tuskegee, an bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere shekara arba'in ba magani don a ga yadda zai ci su. A Pakistan hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da allurar rigakafi a 2011 tana farautar Usama bin Laden. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Anti Nas: Yaya, babu wanda zai ce maka waɗannan ba su faru ba, kuma ni da nake aikin asibiti na fi kowa jin zafinsu, don mu ake kallo da su. Amma ka duba yadda aka san su. Na Trovan, jaridar Washington Post ce ta tono shi a ƙarshen 2000, da takardu da sunayen likitoci, aka je kotu a nan da kuma a Amurka, a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ko da yake bai amsa laifi ba. Na Tuskegee, wani tsohon ma'aikacin lafiya na gwamnatin ne ya kai wa 'yan jarida a 1972, har Shugaba Clinton ya nemi gafara a 1997. Asirin 'yan mutane ƙalilan bai rufu ba. Apollo kuwa kimanin mutum 400,000 suka yi mata aiki, fiye da shekara hamsin ke nan, ba takarda ɗaya, ba wanda ya tuba a gadon mutuwa.

Kuma gudun baƙin tsumman nan mun biya shi da tsada. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an sa maganin hana haihuwa. Sai Yulin 2004 aka dawo, bayan an samo allurar daga Indonesiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta. Yaran da suka shanye a shekarun nan yau samari ne, kuna ganinsu a kan kekunan guragu. Matan da aka ɗiga wa tun suna jarirai kuma ga su nan muna karɓar haihuwarsu kullum. Sai a 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Auta: Amma Anti Malama, mai bidiyon ya ce an ɓoye tarihi. Wannan kam ai gaskiya ne ko?

Anti Malama: An ɓoye, sosai ma, sai dai ba wanda yake faɗa ba. Turawan mulkin mallaka da suka ga gine-ginen dutse na tsohon birnin Zimbabuwe sun ce baƙar fata ba zai iya ba, suka jingina su ga Finisiyawa, mutanen dā na yankin Lebanon, da Sarauniyar Saba. Wa ya rushe wannan ƙarya? Masu haƙar kayan tarihi. David Randall-MacIver a 1905, sannan Gertrude Caton-Thompson a 1929, suka tona suka nuna cewa 'yan Afirka ne suka gina. Gwamnatin tsirarun Turawa ta Rodeshiya, wato Zimbabuwen yau, ta ci gaba da danne maganar har Peter Garlake, jami'inta mai kula da kayan tarihi, ya bar ƙasar a 1970. Haka Bajamushen nan Leo Frobenius da ya ga kan tagulla da kawunan yumɓu na Ife a 1910, cewa ya yi aikin mutanen Atlantis ne, ɓataccen birnin nan na almara. Ka lura Auta, masu cewa aljanun sama ne suka gina dalar Masar a kan wannan layin suke, kullum aikin da ba na Bature ba ne ake nema wa wani maginin. Alhali an tono ƙauyen ma'aikatan a Giza, da gidajen burodinsu da kaburburansu. Yana ɓata min rai in ga ɗalibaina sun haddace waɗannan bidiyoyi amma ba su taɓa buɗe tarihin Kano da aka rubuta da Larabci a nan gida ba.

Shi kansa musun zuwa watan yana da uba. Wani Ba'amurke ne, Bill Kaysing, ya buga ɗan littafi a 1976, tashar Fox ta yi shiri a kansa a 2001, sai intanet ta ɗauka. Tutar da taurarin duk tsofaffin tambayoyi ne da aka amsa tun ba a haife ka ba. Mai bidiyonka sabon kiɗa kawai ya sa, kuma duk wanda ya kalla an ƙara masa kasuwa.

Yaya Babba: Kun taru a kaina. To na yarda an sauke ƙarfe a wata. Madubin da ake cewa ana harba masa hasken leza yana dawowa ma, Rasha ta ajiye irinsa da motar da ba direba, saboda haka kada wani ya kawo min shi. Ƙarfe ya je. Mutum ne ban yarda ba.

Injiniya: Maganar madubi ka yi daidai, shi ya sa ban kawo ta ba. Amma kumbon da NASA ta harba a 2009 ya ɗauki hotunan wuraren saukar, ana ganin gindin kumbunan da aka bari, da layukan sawun da suka bi da ƙafa zuwa inda suka ajiye na'urori. In ka ce ai na Amurka ne, kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauki wurin saukar Apollo 11 da 12, sauka ta farko da ta biyu, a 2021.

Yaya Babba: Turo min na Indiyan in gani da idona. Tambaya ɗaya ta rage: in Armstrong ne na farko, wa ya tsaya a ƙasa yana ɗaukarsa lokacin da yake saukowa daga tsani?

Kawu: Wannan kam ni ma na daɗe ina son ji.

Injiniya: Ba kowa Kawu. Kyamarar a maƙale take a cikin wani akwati a jikin kumbon, daga gefen tsanin. Da ya fito bakin ƙofa sai ya ja wata igiya, akwatin ya buɗe, kyamarar ta fuskanci tsanin, abokin tafiyarsa Buzz Aldrin ya kunna ta daga ciki. Bayan sun sauko ne Armstrong ya ciro ta ya kafa ta a kan ƙafafunta nesa kaɗan. Yaya, hotunan suna da nauyi, ka tanadi data, zan turo bayan la'asar.