Wane ne mai waƙa a wannan kaset ɗin na kawuna?

Ɗan Adar, Tawa:

Salamu alaikum jama'a. Kawuna ya rasu da azumin bana, Allah ya jiƙansa. Shekara 19 ya yi yana bida a Abijan. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe bayan sadakar arba'in, sai ga kwali cike da kaset: na Ɗanƙwairo, na Ali Farka Ture, na karatun Alƙur'ani, sai guda ɗaya da aka rubuta wa Led Zeppelin da biro. Ni ina ɗan taɓa gita a wurin biki, don haka na aro rediyon maƙwabcinmu na saka. Gitar ba ta ba ni mamaki sosai ba, mu nan mun saba da ta Abzinawa. Muryar ce ta tsayar da ni. Namiji ne, amma sai ya hau sama kamar mai guɗa, can kuma ya sauko kamar mai kukan rashi. Wani abokina ya ce wai mutumin ya taɓa zuwa hamada ya yi waƙa. Gaskiya ne? Wane ne shi, kuma yana da rai?

Baba Mai Rediyo, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta.

Sunansa Robert Plant, mutumin Ingila, an haife shi a 1948 a West Bromwich, kusa da Bamingam. Yana nan da ransa, yana kuma waƙa har yanzu. Ni na fara jinsa a 1976, lokacin ina yaron shago a Katako. Wani Bature malamin makaranta ya kawo rediyonsa gyara ya bar kaset a ciki, na saka don in gwada ko bel ɗin yana ja, ban kashe ba sai da maigidana ya daka mini tsawa.

Iyayensa sun so ya zama akanta, ya fara koyo ya watsar. Har aikin zuba kwalta a hanya ya yi don ya samu na abinci, da dare yana waƙa a ƙananan wurare tare da abokinsa mai ganga John Bonham. A 1968 mai gita Jimmy Page yana neman mawaƙi, aka nuna masa wannan yaro mai kusan shekara 20. Shi kuma Plant ya kawo abokinsa mai ganga. Da John Paul Jones suka zama huɗu, su ne ƙungiyar Led Zeppelin. Faifansu na farko ya fito a farkon 1969, kuma kafin a yi shekara biyar filayen ƙwallo suke cikawa a Amurka. Irin kiɗan shi ake kira rok mai nauyi: gita ta lantarki a ƙure, ganga kamar daka, murya a kan su duka.

Amma abin da ya sa na riƙe shi a zuciya ba wannan ba ne. A 1975 ya yi hatsarin mota da iyalinsa a tsibirin Rodos na Girka, ƙafarsa ta karye, faifan da ya biyo baya a keken guragu ya rera shi. Bai gama miƙewa ba, a watan Yuli 1977 yana yawon wasa a Amurka aka bugo masa waya cewa ɗansa Karac, mai shekara biyar, ya rasu da ciwon ciki. Ya bar komai ya koma gida. Ya yi niyyar barin waƙa gaba ɗaya ya koma koyar da yara, Bonham ne ya riƙa zuwa yana zama da shi har ya dawo. Waƙar All My Love ta 1979 don yaron ya yi ta. Ni ma na binne ɗa mai shekara huɗu a 1984, shekarar yunwa, ƙyanda ta ɗauke shi. Ban iya Ingilishi sosai ba, amma da aka gaya mini labarin na sake saka waƙar, ban buƙaci tafinta ba.

A watan Satumba 1980 Bonham ya mutu bayan ya sha giya mai yawa, yana da shekara 32. A Disamba sauran ukun suka sanar da cewa ƙungiyar ta ƙare, ba su nemi wani mai ganga ba. A 2007 sun haɗu dare ɗaya a Landan, ɗan Bonham ya zauna a kujerar ubansa. Miliyoyin mutane suka nemi tikiti, kowa ya ɗauka za su kama yawon duniya. Plant ya ƙi. A lokacin yana aiki da wata mawaƙiya Ba'amurkiya, Alison Krauss, waƙoƙi masu sanyi a ƙasa-ƙasa da murya, kuma faifan nasu ya ci kyautar Grammy biyar a 2009. Ni a ganina ya san maƙogwaron ɗan shekara 60 ba zai yi ihun ɗan shekara 22 ba, ya kuma san abokin da ya zauna da shi a makoki ba ya nan. Na girmama shi a kan haka fiye da duk abin da ya yi yana saurayi.

Zancen hamada gaskiya ne. A Janairu 2003 ya yi waƙa a bikin Esakan, can bayan Tumbuktu a Mali, dandali ɗaya da Tinariwen, ƙungiyar Abzinawa masu gita, da Ali Farka Ture, wanda kaset ɗinsa ke kwance kusa da nasa a kwalin kawunka. Tun da can ma yana yawan zuwa Maroko, waƙarsu Kashmir a kan wata doguwar hanya a kudancin ƙasar ta zo masa, kuma ya sha faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta canza masa tunani.

Malama Mai Alli, Yamai:

Baba, a gafarce ni, akwai abin da ba ka ambata ba. Wannan kukan da ƙanena ya ji a muryar, daga baƙaƙen Amurka aka samo shi, masu kiɗan bulus na Misisipi da Cikago, waɗanda da yawansu suka mutu ba su da komai. Waƙar Whole Lotta Love ta 1969 kalmominta daga waƙar Willie Dixon aka ɗebo, wadda Muddy Waters ya rera tun 1962, ba a kuma sa sunan Dixon ba. Sai da ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, sa'an nan sunansa ya shiga. Ina son muryar ni ma, amma in za a ba yaro labari a ba shi da wannan.

Baba Mai Rediyo, Yamai:

Kin yi gaskiya 'yata, kuma ba ni da abin karewa. Shi kansa Plant ya amsa cewa ɗauka ya yi. Abin da zan ƙara kawai, daga baya ya gyara hali. Da ya kafa wata ƙungiya a 2012, ya sa Juldeh Camara, mutumin Gambiya mai kiɗa riti, wato gogen Fulani mai tsirkiya ɗaya, yana tsaye a gaba kusa da shi, ana kiran sunansa. Na ga bidiyon a wayar jikana, gogen ne yake jan waƙar, gita na biye.

Ɗan Adar, Tawa:

Na gode Baba, na gode Yaya Malama. Zan nemi na Muddy Waters ɗin a sa mini a waya. Da kuka yi zancen goge sai na tuna Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta wajen Abalak, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, yanzu yana wasa a Amurka. Ashe hanyar tana zuwa tana dawowa. Baba, wata damuwa: jiya rediyon ya tauna kaset ɗin, zaren ya tsinke wajen tsakiya. Yana gyaruwa?

Baba Mai Rediyo, Yamai:

Yana gyaruwa, ɗana. Kada ka sake saka shi a wannan rediyon, robar da ke jan zaren ce ta tsufa. Ka kwance ƙusoshin nan biyar a hankali, ka yanke inda ya tauna da reza, ka ɗora baki a kan baki ka ɗiga jan farce kaɗan ta bayan zaren. Ka bar shi ya bushe, ka naɗe da biro. Za ka rasa daƙiƙa biyu ko uku na waƙar. In kana tsoro, ba direban motar Yamai ya kawo mini, ina Bukoki, kowa ya san shagon.