Kafsol ɗinmu na yoyo ta wajen ɗinki, ina neman shawara

Assalamu alaikum masu aiki da injin kafsol mai laushi. Don Allah a taimaka min. Kafsol na fita da kyau daga tsakanin rola biyun nan masu yanka, amma da ya shiga gangar busarwa sai man ciki ya fara tsattsafowa ta wajen ɗinki, wato inda ɓari biyun kafsol suka haɗu, kuma gefe ɗaya kawai.

Zafin weji (ƙarfen da ke tsakanin rola biyun, mai ɗumama jelatin da zuba mai) yana digiri 38, jelatin a tanki digiri 60, kaurin zanen jelatin (shimfiɗar da ke zama ɓawon kafsol) milimita 0.8 kowane ɓangare. Na ƙara matsin rola, ba canji. Na ɗaga zafin weji, sai zanen ya yi laɓo-laɓo yana manne masa.

Zargina famfo ne ke turo mai kafin ramukan rola biyun su haɗu, ko kuma rolar ta goce. Wanne zan fara dubawa?