Yaya zan hana iyaye karɓe aikin yaransu?

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina sanin makamar aiki a wani gidan tarihi a Kano. Duk Asabar mukan nuna wa yara hotunan kayan tarihin Nok, sannan mu ba su yumɓu su gina abin da suke so.

Makon jiya wata 'yar shekara 6 ta gina doki mai ƙafa uku tana ta murna, sai babanta ya karɓe ya murje ya sake ginawa. Ta naɗe hannu, ba ta ƙara taɓa yumɓun ba. Abin ya tsaya min a rai, amma sa'an mahaifina ne, na kasa cewa uffan.

Na gwada ba iyaye nasu yumɓun, suka ce wasan yara ne. Don Allah wace dabara zan yi ba tare da rashin kunya ba?