Wace kalma za mu sa wa latency a aikin rediyo daga nesa?

Malam Na Gusau:
Assalamu alaikum. Ana shirya ɗan bayani da Hausa don matasa masu son rediyon sha'awa, an zo kan sarrafa tasha ta intanet. Misali rediyo da eriya suna bayan Talata Mafara inda babu hayaniyar inbata da janareta, mai aiki kuwa yana Gusau gaban kwamfuta. Kalmar da ta cije ita ce latency: lokacin da ke tsakanin danna maɓallin magana da fitar murya a eriya, ko tsakanin shigar sigina eriya da isarta kunne. An kawo jinkiri, makara, nawa da tsaiko. Mi kunka gani?

Injiniya Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara jingine nawa. Idan mutum ya ce netwok na nawa, nufinsa bidiyo ya ƙi sauka, wato hanya ta yi ƙunci. Wannan daban. Murya ba ta cin komai, kilobit 32 a sakan ya ishe ta. Ɗauki tauraron ɗan'adam mai tsayawa wuri ɗaya, kilomita 35,786 sama. Ko hanyarsa ta kai faɗin titin Zariya, sai saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko: kilomita 143,000 da 'yan kai, kusan milisakan 480 tun ba a lissafa na'urori ba. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Tsaiko kuma yana nuna abu ya tsaya cak sannan ya tashi, alhali nan ba a tsaya ba, tafiyar ce ke cin lokaci. Ni jinkiri na zaɓa.

Baba Mai Ɗigo:
Makara ma ba ta zauna ba. Ana makara ne idan an sa lokaci an saɓa, kamar sahun farko. Na yarda da jinkiri, amma a raba shi biyu, don masu awo na ruɗewa. Abin da ping, wato manhajar auna jinkiri a kwamfuta, ke nunawa zuwa da dawowa ne. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, da ke cewa hira na tafiya daidai ƙasa da milisakan 150, kuma ta lalace bayan 400, zuwa kaɗai take nufi. Sai a ce jinkirin isa da jinkirin kai-komo.

Ga mai buga Mos, wato aika haruffa da gajeren ƙara (ɗigo) da dogon ƙara, abin ya fi tsanani. Tsawon ɗigo a milisakan shi ne 1200 a raba da yawan kalmomi a minti. Kalma 20, ɗigo milisakan 60 ne. Kalma 25, 48. In ƙarar bugunka da kake saurare daga rediyon can take dawowa da kai-komo na 150, hannu na kan ɗigo na biyu kunne bai ji na farko ba, hannun sai ya rikice. Dole a haifar da ƙarar a gabanka, a aika lokutan bugun can a sake jera su. Akwatunan RemoteRig, na sarrafa rediyo ta intanet, haka suke yi.

Injiniya Ƙaura:
Gaskiya ne Baba. Kuma a faɗa wa yaran kada su ɗora laifi kan nisan Gusau da Mafara. Haske a cikin wayar fayiba na cin kilomita 200,000 a sakan, wato milisakan 5 a kowane kilomita 1,000. Kilomita 100 rabin milisakan ne kacal. Hanyar da aka bi da saƙon ita ce matsala. Layukan wayar salula galibi ba sa ba ka adireshin da za a same ka daga waje kai tsaye, sai a haɗa ɓangarorin biyu ta VPN, wato keɓantacciyar hanya a intanet da ke bi ta wata kwamfutar mahaɗa. In mahaɗar tana Turai, saƙon zai gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, irin MainOne mai kimanin kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ya juyo. Milisakan 70 ke nan kafin ya isa maƙwabcin gari, amsa ma haka. A nemi mahaɗa a cikin ƙasa.

Hajiya Malamar Fiziks:
Malamai, kun bar babban. Jinkirin da ya tsaya kan 200 ana sabawa da shi, mutum ya ɗan dakata kafin ya amsa, shi ke nan. Wanda ke yanka murya shi ne mai hawa da sauka, yanzu 60, an jima 300, abin da Turawa ke kira jitter. Ana daddatsa murya ƙulli-ƙulli, kowanne milisakan 20 a tsarin matse murya na Opus na yau da kullum. In ƙulli bai iso a kan kari ba, sai a ji giɓi. Maganinsa a tara ƙullin kafin a fara sakinsu, kamar randa a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa. Randa ta ƙulli 5 ta ƙara milisakan 100 a kan jinkirin isa, ta ƙulli 10 ta ƙara 200. Sai a fara da babba, a riƙa ragewa har murya ta soma karyewa, a koma mataki ɗaya baya. Ina ba da shawarar rawar jinkiri.

Ɗan Anka:
Hajiya, rawa ba za ta sa a yi dariya ba? Tangal-tangal fa?

Hajiya Malamar Fiziks:
Ai muna cewa rawar sanyi da rawar murya, ba wanda ya tuna kalangu. Tangal-tangal na abin da ke shirin faɗuwa ne.

Ɗan Anka:
Na sallama. To ga abubuwan da ke kawo rawar, a sa su cikin bayanin. Wi-Fi: a bar shi, a ja waya daga rauta, akwatin raba intanet, zuwa kwamfuta. Abin kunne na Bluetooth yakan ƙara fiye da milisakan 100 shi kaɗai. Sannan wani a gida ya tura bidiyo ta WhatsApp, ƙullin murya su bi dogon layi a bayansa cikin rauta. A kunna tsarin fifita murya ko a rage masa gudu. Cikin hanyoyin aika ƙulli a intanet, murya ta bi UDP, don TCP na tsayawa neman ƙullin da ya ɓace, na bayansa duk su jira.

Wani abu mai haɗari: umarnin sakin maɓallin magana na iya riga ƙarshen muryar isa, ya datse gaɓar ƙarshe ta lambar kiranka ta rediyo mai farawa da 5N, don haka a jinkirta shi gwargwadon girman randa. In kuma layi ya yanke ana cikin magana, rediyo zai iya ci gaba da watsawa babu kowa kusa. A saita agogon kashe watsawa na cikin rediyon, a ce minti 3.

Baba Mai Ɗigo:
FT8 kuwa, tsarin aika gajerun saƙonni da kwamfuta ta rediyo, kada a jawo sautinta gida ko kaɗan. Zagayenta sakan 15 ne, ana so agogo ya dace cikin sakan ɗaya, kuma matse murya na ɓata siginar. A girka manhajarta, WSJT-X, a kwamfutar da ke kusa da rediyo, hoton allon kawai za a riƙa kallo daga Gusau. Can ne kaɗai kalmar makara ta dace, in saƙo ya fita bayan zagaye ya soma.

Malam Na Gusau:
Madalla. An rubuta jinkirin isa, jinkirin kai-komo da rawar jinkiri. Randar ce ban sa ba tukun, Hajiya, don wani ya ce rumbu ya fi.

Hajiya Malamar Fiziks:
Rumbu sai shekara ake buɗe shi, Malam. Randa ana zubawa ana ɗiba. A bar ta randa.