Wurin aiki sun ce ko katin rigakafi ko sallama, maigida ya ce ban isa ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Ina aikin shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi a nan Legas, shekara huɗu ke nan. Ba asibitin ne ya ɗauke ni ba, 'yan kwangila ne ke biyanmu. Ƙanwar babata ce ta samo min aikin, ita ta yi shekara tara a wurin kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ta riƙe hannuna har gaban madam ta ce wannan 'yata ce, ba ta sata, ba ta rigima. Don haka aikin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai fuskar inna a ciki. Daga Agege nake tasowa bayan sallar asuba, mota biyu nake shiga. Lokacin kullen 2020, da aka rufe Legas a ƙarshen Maris, da katin aiki a wuya nake fita, rabin hanya a ƙafa. Takunkumi ɗaya gare ni, in wanke da dare in rataya a jikin fanka ya bushe. Da hannuna na kwashe zannuwan gadon mutanen da daga baya aka ce korona ce aka wuce da su cibiyar killace masu cutar da ke Yaba. Ko mura mai ƙarfi ban yi ba, alhamdu lillahi.

To ranar Litinin aka manna takarda a ƙofar ɗakin da muke canza kaya, wai daga 1 ga Disamban 2021 duk wanda ba shi da katin rigakafin korona kada ya shigo, sai dai ya riƙa kawo sakamakon gwaji. Gwajin kusan naira dubu 50 ne, albashina dubu 35. Na faɗa wa baban Hanifa, ya ce ban isa ba. Ni ma dai raina bai kwanta da allurar ba. Ya zan yi?

Baban Sadiƙ Mile 12: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mijinki ya yi daidai. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yau kamfanin nan yana cikin masu yin allurar korona. Gwamnan Kogi Yahaya Bello ma a 2021 ya fito ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai yi ba. Ke da kika wanke kayan masu cutar ba ki kamu ba, me za ta ƙara miki?

Sista Ladi: Baban Sadiƙ, abin da ka faɗa na Kano ya faru, ba mai musu. Amma Trovan maganin gwaji ne aka bai wa yara marasa lafiya, wannan kuwa hukumar kula da magunguna NAFDAC ta duba ta amince, an kuma yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya kafin ta iso layin Maman Hanifa. Shekarata 22 ina aikin jinya. Allurar AstraZeneca ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris ɗin 2021, kusan miliyan huɗu, Buhari da Osinbajo aka yi musu a gaban kyamara, mu ma'aikatan lafiya aka sa a sahun farko. Na yi ta farko a Maris, na yi ta biyu. Daren farko na yi zazzaɓi har haƙorana na haɗuwa, hannun ya yi nauyi kamar an ɗaura min dutsen niƙa, na sha farasitamol, washegari da yamma ina bakin aiki. Shi ke nan labarin.

Kuma tun da tarihi kake so, ka ƙarasa shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, wai ana hana haihuwa da shi. Aka dawo da shi a 2004, bayan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai Agustan 2020 aka ce mun rabu da cutar. Yaran da aka ɗiga wa maganin a lokacin, yau su ne ke cika mana ɗakin haihuwa.

Maman Hanifa, ki je cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa da ke, kyauta ne, ki ci abinci kafin ki je, ki zauna ɗan lokaci bayan an yi miki kafin ki tafi. Ranar Juma'a ki yi, in kina hutun Asabar.

Ɗan Zango: Ni abin da ke ba ni haushi, gwamnatin da ta hana mu acaɓa a Ikeja da Apapa da Surulere tun Fabrairun 2020, ta kulle mu a gida ba ko mudun gari, sai da aka fasa rumbuna a Oktoba aka ga taliya da shinkafar tallafi jibge, yau ita ce ta damu da lafiyata har tana ba ni abu kyauta? Mashin ɗina biyu aka kama. Har yau ina biyan bashin ɗaya.

Hajiya Alaba Rago: Allah ya mayar maka da alheri Ɗan Zango. 'Yata, ki bi mijinki. Aiki ana samun wani, aure fa? Ni dai na yi tawa saboda ina sa ran Makka in an buɗe, shekara biyu kujerata na jira, kuma ba abin da ya same ni. Amma ni Alhaji ne ya kai ni da kansa.

Maman Hanifa: Na gode duka. Sista Ladi, ba wai ban yarda da ke ba, amma a asibitinmu akwai nas guda biyu da har yau ba su yi ba, ranar da masu allurar suka zo ɗaya ta shige sito ta ce tana ƙirga kaya, ni na riƙe mata ƙofa. In wadda ta yi karatun tana gudu, ni da na tsaya a aji uku na sakandare fa? Kuma a rediyo na ji ƙasashen Turai sun dakatar da ita saboda daskarewar jini. Ni ba jahilci ke damuna ba, ina da dalilina.

Sista Ladi: Na san irinsu, muna da su, har da likita. Farin kaya ba ya cire wa mutum tsoro. Wasunmu kuma fushi ne, shekara da shekaru, har 2021, naira dubu 5 ake ba mu a wata a matsayin kuɗin haɗari, ko kuɗin motar mako ba su kai ba, sai mutum ya ce abin da ya fito daga hannun gwamnati ba ya so. Ni ma ina cikin masu fushin, amma ban ga yadda ƙin allura zai ƙona gwamnati ba, ni zai ƙona. Maganar Turai gaskiya ce, a Maris Jamus da Faransa da wasu suka dakata 'yan kwanaki, aka bincika, aka ga abin yana faruwa amma da wuya ƙwarai, akasarinsu suka ci gaba. Ita korona ɗin kanta ta fi allurar daskarar da jini. In sunan AstraZeneca ne ke tayar miki da hankali, tun Agustan 2021 allurar Moderna ta shigo, ki tambaya wacce ke akwai. Wane dalili ne kike ta ɓoyewa?

Abu Ammar: Ni ina da wanda zai yi miki koren katin ba tare da an taɓa ki ba. Ki yi min magana ta gefe.

Sista Ladi: Kada ki kuskura. Katin yana da lambar da ake dubawa a waya. A asibiti za ki kai katin bogi? Sallama ce da abin kunya, ga fuskar innar da kike magana. Shugaban zaure, don Allah a duba wannan bawan Allah.

Maman Hanifa: Ba zan sayi kati ba, ban taɓa cin haram a aikin nan ba. Dalilin shi ne Hanifa shekararta shida, ita kaɗai ce. Na yi ɓari sau biyu, na ƙarshe da azumin bana, wata uku. Uwar mijina ta kira daga gida ta ce aikin asibiti ne ke cinye min ciki, ta fara zancen 'yar ƙanwarta. Yanzu in na yi allurar nan, ko shekara goma ce ta wuce ban haihu ba, an samu abin faɗa. Shi kansa baban Hanifa ba mugu ba ne, gadi yake yi a Ikeja, su ma an fara yi musu zancen katin, ya ce gara ya koma turin baro.

Sista Ladi: Allah sarki, Allah ya mayar da mai amfani. To ai kin ga ɓarin nan biyu ba allura a jikinki kika yi su. Ba a ga alamar tana hana haihuwa ba, mai ciki ma in korona ta kama ta ta fi shan wuya. Ɓari biyu kuwa abin a duba ne, kina aiki a asibiti ba ki taɓa sa likitan mata ya duba ki ba? Ki kai maigidan ya ji da kunnensa, ko ki ba shi waya in yi masa bayani.

Baban Sadiƙ Mile 12: Sista, namiji a gidansa ba a ba shi waya a yi masa karatu. Ni kasuwarmu ba a rufe ta gaba ɗaya ba ko a kulle, muna cakuɗe da dubban mutane kan tumatir da albasa, ban ga wanda ya faɗi ba.

Hajiya Alaba Rago: Haba Baban Sadiƙ, ka manta mace-macen Kano a watan Afrilun 2020? Dattawa nawa aka binne? Abba Kyari ma a nan Legas korona ta kashe shi. Maman Hanifa, tsaya, yanzu haka akwai wani abu a jikinki ne?

Maman Hanifa: Hajiya ni dai a bar wannan maganar. Kuma ba zan iya kai shi gaban likita ba, bai san na yi wannan rubutun ba ma. Likitan matanmu ganinsa kuɗi ne, mu 'yan kwangila ba a yi mana ragi. Na yi tunanin in roƙi madam ta mayar da ni wani ofishin da suke shara a Victoria Island, ko da motar za ta zama uku. Saura kwana tara.

Ɗan Zango: Can ma za su tambaya, ai daga ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara, kowa kwaikwayo yake. Wai a cikinku akwai wanda ya san inda ake kai mashinan da aka kama a Ikeja?