Idan "grafting" aure ne, me za mu kira "hybrid"?

'Yan'uwa, a taimaka mini da kalma. Masu lambu tuni suka raɗa wa "grafting" suna aure, har ana cewa itace ɗan aure. Matsalar ita ce na ga wasu suna kiran "hybrid" aure shi ma, alhali hanyar jirgi daban, ta mota daban.

A aure, reshe ake yankowa a fere shi, a tsaga gindin wata bishiyar a cusa, a ɗaure tam har ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawonsu ya kama juna. Jininsu ba ya gauraya. Gindi na ba da saiwa da ruwa, reshe na haifar 'ya'yan gidansu. Da haka aka ceto inabin Faransa bayan wani ƙwaro daga Amurka ya fara cinye saiwoyinsa a shekarun 1860: aka ɗora rassan Turai a kan gindin inabin Amurka mai jure ƙwaron.

Wani ya ce "ɗori" ya fi dacewa, tunda kamar ɗorin karaya ne. Wallahi ya burge ni. Amma kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a ba a tashinta. A bar aure. Ni har reshen zan kira amarya, tunda ita ake kaiwa.

Shi kuwa "hybrid" daga fure yake farawa. A ɗebi garin furen wannan a shafa wa na wancan, irin da ya fito ya ɗauko gado ta ɓangare biyu. Wajen 1717 wani mai lambu a Landan, Thomas Fairchild, ya yi haka da furanni iri biyu, Turawa suka kira abin da ya tsiro alfadarin Fairchild. To mu ce alfadari? A'a. Alfadari ba ya haihuwa, tsirran "hybrid" da yawa kuwa suna yi. Sai dai jikokin kan watse, wani ya biyo kaka, wani ya biyo ɗayar, kamar yadda Mendel, masanin gadon tsirrai, ya nuna a rahotonsa na 1866.

"Barbarar yanyawa" akwai zagi a ciki, ba za a rubuta ta a jikin buhun iri ba.

Ni dai na tsaya a kan ruwa-biyu. Irin ruwa-biyu, fure ruwa-biyu. Aikin haɗawar kuma barbara. Wanda ke da wadda ta fi, bismillah.